Yadda ake raba aiki tsakanin fetur, batir, birki da wutar gida a motar haibirid

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kusan kullum sai wani ya tsayar da ni a gidan mai ko a masallaci yana tambaya wai Malam da gaske ne motar nan taka ba ta shan mai? Prius ce ta 2010, beljiyam na saye ta, ƙanina kuma nasa Prius Prime ce ta 2017 irin wacce ake jona wa wuta a soket, toh tsakanin motocin nan biyu na ga abubuwa da yawa. Abin da ya fi damuna shi ne zaka ga mutum biyu mota iri ɗaya, ɗaya yana samun kilomita 20 a lita ɗaya kuma da ƙyar yake haura 13, bayan shekara guda batir ɗinsa ya mutu ya koma yana zagin motar. Motar ba ta da laifi, shi ne bai san cewa hanyoyin wutar motarsa sun fi ɗaya ba kuma kowacce da lokacin da ya kamata a taɓa ta. Bari in bi da kai daki-daki yadda nake yi.

Mataki na farko, ka san wacce iri ce a hannunka

Iri uku ne. Akwai haibirid zalla, wato mai injin fetur da babban batir suna aiki tare, wacce ba a jona mata wuta, irin su Prius ta gama-gari wacce Toyota ta fara fitarwa a Japan a 1997, da Camry da Highlander masu tambarin haibirid. Akwai wacce ke da inji kuma ana jona ta a soket, irin Prius Prime da Outlander PHEV da Chevrolet Volt, ita Volt ɗin nan ma ɗan Sakkwato ne Jelani Aliyu ya zana surarta lokacin yana General Motors, aka nuna ta a Detroit a 2007 aka fara sayarwa ƙarshen 2010. Sai ta uku mai lantarki zalla ba inji ba tanki, irin Hyundai Kona da aka haɗa a Legas.

Wanda ke da haibirid zalla ya riƙe wannan maganar da kyau: babban batir ɗinka randa ce ba rijiya ba. Ruwan da ke cikin randa wani ne ya ɗebo ya zuba, haka duk wutar da ke batir ɗin nan daga fetur ta fito, ko dai inji ya juya janaretan ciki ya cika shi, ko kuma birki ya kamo gudun da fetur ɗin ya riga ya ba ka. Kuma randar ƙarama ce sosai. Batir ɗin Prius na 2004 zuwa 2015 gida 28 ne kowanne bolt 7.2, jimla bolt 201.6, duka-duka wutar da yake ɗauka kamar yunit 1.3 ne irin yunit ɗin mitar nepa, kuma kwamfutar motar ba ta barin ka taɓa duka, tana riƙe shi ne tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari, kaga abin da kake juyawa bai fi rabin yunit ba kenan. Ta Prime kuwa yunit 8.8 ne, yana kai ka kamar kilomita 40 inji bai tashi ba, ita kam randar tana da girma kuma kana iya cika ta daga waje.

Mataki na biyu, ƙaramin batir da fitilar READY

Mutane suna mantawa da shi amma akwai ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota, a Prius ta 2010 yana but ta gefen dama. Ba shi yake tada inji ba, motar ba ta da kik ba ta da alteneta, aikinsa kawai ya tada kwamfuta ya haɗa babban batir da sauran motar, daga nan babban batir shi ke murza inji kuma shi ke cajin ƙaramin. Amma duk wannan sai in READY ta kama a dashbod. In ka danna maɓalli ba ka taka birki ba motar za ta kunna rediyo da fanka amma babu READY, toh ƙaramin kake tatsa kuma babu mai mayar masa, minti talatin zuwa awa ɗaya kana jiran Hajiya a bakin kasuwa ka dawo ka danna shiru. Don haka in zaka zauna a mota, ka sa P ka bar ta a READY, ita ta san lokacin da za ta tada inji ta kashe.

Abu biyu kuma dan Allah kar ka yi. Kar ka ba wata mota jam da wannan ƙaramin batir, ba a yi shi don jan kik ɗin wata mota ba kuma in aka juya waya kan ya koma ƙafa na'urar da ke cajinsa tana iya lalacewa, ita kuma tana cikin inbata ne, wato akwatin da ke sarrafa wutar babban batir, kuɗinta ba wasa ba. Sannan kar ka bari mai ya ƙare ƙaf ka ce bari in lallaɓa da batir zuwa gidan mai, in ka tatse babban batir ya yi ƙasa sosai ko an zuba mai babu abin da zai murza injin, sai an nemo caja ta musamman wacce ba kowane gareji ke da ita ba. Ni da zarar mai ya sauka kwata nake neman gidan mai.

Mataki na uku, tuƙin cikin gari

Nan ne ribar take kuma nan ne aka fi yin ɓarna. A dashbod ɗin 2010 akwai wani dogon layi, hagu an rubuta CHG, tsakiya ECO, ƙarshen dama PWR, ka sa shi ya zama shi kake kallo har ƙafarka ta saba.

In danja ta ba ka hannu kar ka yi ta lallaɓa totur wai don kar inji ya tashi. Taka shi daidai, inji ya tashi ya kai ka gudun da kake so, misali 50, saboda injin fetur ya fi amfani da mai yadda ya kamata in yana ɗauke da kaya madaidaici, ba in yana ta gurnani a banza ba. Da ka kai gudun sai ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, zaka ji inji ya mutu, sai ka mayar da ƙafar a hankali kamar kana taka ƙwai har layin ya tsaya a farkon ECO, motar za ta yi ta sulalawa ba mai ba wutar kirki. Wannan yana yiwuwa ne in gudu bai haura kamar kilomita 70 a awa ba, sama da haka dole inji ya riƙa juyawa. Daga shataletale zuwa shataletale a Zoo Road ko Titin Katsina haka nake yi, kuma in ka saba ba sai ka kalli allo ba kunnenka ma zai gaya maka.

Birki kuma ka fara shi tun daga nesa. In ka taka a hankali babbar na'urar lantarkin da ke juya taya ita ce ke komawa janareta tana rage gudu tana zuba wuta a batir, zaka ga layi ya koma CHG. In ka taka da ƙarfi har CHG ya cika ya tumbatsa to sauran ƙarfin takalmin birki ne ya ɗauka, ya zama zafi ya bi iska, man da ka saya kenan ya tafi. Shi ya sa bin bayan ɗan adaidaita kurkusa asara ce a haibirid, kowane tsayawar bazata da ya yi kai ke biya. Bar tazara, ka hango danja tun daga nesa, ka sauke gudu a tsawon mita ɗari maimakon mita ashirin. Wani amfanin ma takalmin birki yana daɗewa ƙwarai.

Maɓallin EV kuwa, wanda ke sa mota ta yi tafiya da batir kaɗai, a haibirid zalla mutane sun ɗauka shi ne sirrin, ba shi ba ne. Ba ya wuce kilomita ɗaya zuwa biyu kuma a ƙaramin gudu, in ka zazzage randar da shi dole inji ya zo ya biya bashin, kuma kowane juyi daga fetur zuwa wuta zuwa batir zuwa taya akwai abin da ke zubewa a hanya. Amfaninsa shi ne fita daga layi da asuba ba ka tashi maƙwabta ba, ko gyara fakin.

Sai gosulo. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a Kurna da yamma ko Mararaba da Nyanya da safe ya san yadda direbobi ke jefa giya a N don ƙafa ta huta. A haibirid ɗin Toyota N na nufin an yanke caji gaba ɗaya, esi na jan batir kuma inji ba shi da ikon mayarwa, har motar ta fara ƙara tana rubuta maka gargaɗi. In tsayuwar gajeriya ce bar ta a D ka taka birki sosai, in doguwa ce danna P. In ka ga alamar batir a dashbod ta sauka zuwa layi biyu inji ya tashi da kansa kar hankalinka ya tashi, aikinsa yake yi.

Mataki na huɗu, zafi

Wallahi in da abu ɗaya zan roƙe ka ka ɗauka a duk bayanin nan to wannan ne, don abin da ke kashe batir a ƙasarmu zafi ne da ƙura ba yawan tafiya ba. Babban batir ɗin Prius iskar cikin mota ce ke sanyaya shi, akwai wata 'yar taga mai raga a gefen kujerar baya ta dama, fanka na zuƙo iska ta nan tana hura wa batir. Iskar da fasinjan baya ke shaƙa ita batir ke shaƙa.

Wata rana cikin Afrilu na ɗauko iyali daga Zariya, rana tsaka, sai na ji fanka a baya tana kuka kamar injin markaɗe, motar ta yi nauyi, inji ya ƙi mutuwa ko a tsaye. Na tsaya na duba ashe jakar kayan yara ce da dardumar salla aka cusa daidai kan tagar nan. Na cire amma kukan bai daina gaba ɗaya ba, washegari na kai wa bakanike mai aikin haibirid, ya ɗaga kujera ya kwance fankar ya miƙo min ita a tafin hannu, kowane fiffike ya yi dam da ƙura da gashi da zaren kafet sun dunƙule kamar audugar katifa, ja-ja irin ƙurar hunturu. Ya ce Alhaji ai batir ɗin nan numfashi yake nema, da ka ƙara wata biyu a haka da sai dai mu yi maganar sabo. Da buroshin haƙori da iska ya wanke ta, aikin bai kai awa ɗaya ba. Tun daga ranar duk ƙarshen hunturu sai an buɗe ta, wajen Maris kafin zafi ya kankama, sannan in sake dubawa bayan damina.

Game da esi, kar ka kashe shi wai kana tattalin mai alhali gari ya haura digiri 40 irin na Sakkwato ko Maiduguri a Afrilu da Mayu, abin da ka tara a mai zaka biya ninki a batir. In ka shigo mota ta sha rana sauke gilasai duka ka yi tafiyar minti biyu zafin ya fice, sannan ka rufe ka sa esi a 24 ko 25 ka danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Fakin kuma nemi inuwa ko da zaka ƙara taku, in babu sa abin tare rana a gilashin gaba. Kuma kar ka kashe mota nan take bayan doguwar gangara batir na cike fal yana da zafi ka bar ta a rana, don da ka kashe fanka ma ta tsaya, ba ta 'yan mintuna a READY da esi.

Kwamfiresan esi ɗin nan da wutar babban batir yake aiki ba da bel ba, kuma mansa daban ne, ND-11 ake ce masa, ba ya ɗaukar wuta. In mai gyaran esi ya zuba masa man esi na motoci gama-gari ko ya yi amfani da tiyon da ya saba aiki da shi wuta za ta fara zurarewa ta cikin man, motar ta kawo jan alwatika ta ƙi shiga READY. Ka tambaya kafin a taɓa, in ya ce duk ɗaya ne ɗauki motarka ka tafi. Haka ruwan sanyaya inbata tankinsa daban da na lagireto, in motar na READY leƙa ciki zaka ga ruwan na motsi, in ya tsaya cak famfon ya mutu kenan kar ka yi nisa da ita. Duk wayar da ka gani ruwan lemo kuma ba ta hannunka ba ce ba ta mai wayarin na bakin titi ba ce, bolt 200 da ɗoriya ke bi ta ciki, yana kisa.

Mataki na biyar, doguwar tafiya da hawa da gangara

Mai motar da ake jonawa, ga lissafin da ƙanina ya daɗe bai yarda da shi ba sai da ya gwada. In zaka tashi daga Kano zuwa Kaduna, kilomita 200 da 'yan kai, wutar kilomita 40 kake da ita, tambayar ita ce a ina zaka kashe ta. In ka bar motar yadda ta tashi za ta cinye ta tun kafin Kwanar Dangora a gudun 110, inda iska ke turo ka da ƙarfi kuma inda injin fetur ya fi iya aikinsa, sai ka shiga gosulon Kawo da batir fayau inji na ta tashi yana mutuwa. Abin da ya dace, fita daga unguwa da wuta, da ka hau babban titi ka danna HV a Prime, ko Save a Outlander, ko Hold a Volt ta 2013 zuwa sama, motar za ta riƙe abin da ya rage ta koma fetur, in ka iso bakin gari ka mayar da ita EV. Wuta ta cikin gari ce, fetur na babban titi. Akwai kuma maɓallin da ke sa inji ya caja batir kana tafiya, wannan mai yake ƙonawa don ya yi wuta, ban cika taɓa shi ba sai in akwai dogon hawa a gaba kuma batir ya yi ƙasa.

Maganar hawa, duk mai bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san Hawan Kibo. In zaka hau, ka iso gindinsa da wuta a ajiye don na'urar lantarkin ta taya inji, in babu zaka ji inji na ihu motar na jan ƙafa. In zaka sauko kuma akasin haka kake so, wato wuri a batir. Mota mai nauyin tan ɗaya da rabi duk mita 100 da ta sauko a tsaye tana sakin ƙarfin da ya kai kusan yunit 0.4, toh ka tuna randar Prius zalla rabin yunit ce kawai, kafin ka yi nisa ta cika, daga nan birkin lantarki ya daina kamawa komai ya koma kan takalmi, in ka yi ta dannawa su yi zafi su fara wari su saki. A nan ne giyar B take da amfani, tana sa inji ya riƙa juyawa ba mai yana riƙe motar kamar yadda direban tirela ke saukowa da ƙaramar giya, zaka ji ƙara ta ƙaru kar ka tsorata. Da ka sauka ka mayar D, barin ta a B cikin gari zubar da wuta ne. Mai Prime kuwa in daga Jos zai taso gara ya yi tafiyar farko da wuta ya rage batir ɗin, gangaren zai mayar masa da wani abu kyauta.

Mataki na shida, cajin gida: nepa, sola, janareta

Fara da wayar cajin. Motar da ta zo daga Amurka yawanci wayarta ta bolt 120 ce mu kuma 230 muke da shi, karanta abin da aka rubuta a jikin akwatin wayar, in ba a rubuta har 240 ba kar ka gwada sa'a, sayi wacce ta dace, kuma wacce ake iya rage mata amfiya daga 6 zuwa 16 don za ta yi maka amfani a gaba. Kan filogin ma iri-iri ne, na Amurka da Japan daban, na Turai daban, na Chana daban, ɗauki hoton bakin cajin motarka kafin ka biya.

Sai soket. Ja masa layinsa shi kaɗai daga allon gida da waya mai kauri, aƙalla 2.5mm ta tagulla ta gaske, 4 ta fi in da nisa, da bireka nasa da na'urar da ke yankewa in wuta ta zurare, da wacce ke yankewa in nepa ta kawo wuta mai yawa ko mara ƙarfi. Banda ekstenshan. In soket ɗin gida ne mai amfiya 13 kar ka wuce 10, kuma ranar farko bayan rabin awa je ka taɓa filogin, ɗumi kaɗan ba komai, in ya ƙona maka yatsa kashe. Dole kuma gidan ya zama da at na gaske, ƙarfen da aka kafa a ƙasa, yawancin wayoyin caji in ba su ji shi ba jar fitila kawai za su nuna maka, kuma da rani in ƙasa ta bushe ƙarfinsa na raguwa, a kafa shi inda ke samun danshi.

Yanzu lissafi. Prime daga fayau zuwa cike tana jan yunit 6 zuwa 7 a mita, a amfiya 10 kamar awa uku kenan. Lokacin da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin yunit a Band A, wato layin da aka fi ba wuta, naira 225 a Afrilun 2024, cikawa ɗaya kamar naira 1,500 ne na tafiyar kilomita 40, tafiyar da a fetur za ta ci kusan lita biyu, ka buga da farashin lita na yau ka gani da kanka, in kuɗin lita biyun ya fi na cajin to nepa ta fi araha kenan. Saboda haka duk lokacin da aka kawo wuta mai kyau motar ce farko.

Sola ita ce ta biyu kuma a arewa Allah ya hore mana rana, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC ma tashar cajinta ta farko mai sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta buɗe ta a 2021. Faranti na kilowat ɗaya yana ba ka yunit 4 zuwa 5 a wuni in yana da tsabta, kenan motar na buƙatar ƙarin kamar kilowat ɗaya da rabi nata na kanta, faranti uku zuwa huɗu masu wat 500. Amma kuskuren da kowa ke yi shi ne jona mota da daddare a kan inbata. Batir ɗin gida mai ruwa na 200Ah yunit 2.4 yake ɗauka kuma rabi ake so ka taɓa, guda huɗu ma ba su kai yunit 5 ba, motar za ta shanye su tas kafin sha biyun dare gida ya kwana ba fanka, ka maimaita haka wata uku ka kashe su. Ka caja da rana kai tsaye, daga goma na safe zuwa uku, ka sauke wayar zuwa amfiya 6 wato kamar kilowat 1.4, awa biyar ta cika ba ta taɓa na gida ba. In motar ba ta zama gida da rana to Asabar da Lahadi ne nata, sauran ranaku nepa. A sa ta a inuwa lokacin cajin, kuma da hunturu a riƙa goge farantan duk bayan kwana biyu-uku da sassafe don ƙura na cin rabonta sosai. Masu tambayar ko za a ɗora faranti a rufin motar, na wat 200 zuwa 300 bai fi ya ba ka yunit ɗaya a wuni ba in ta yini a rana, kilomita biyar ko shida kenan, ga zafin da batir zai sha, a adaidaita mai lantarki ya fi ma'ana don ita ba ta da nauyi.

Janareta kuwa in motarka na da inji kar ka fara. Ƙaramin janaretan fetur daga lita ɗaya yunit ɗaya da rabi zuwa biyu yake fitarwa, kaga cika Prime zai ci lita uku zuwa huɗu don tafiyar da in ka zuba man a tankin motar kai tsaye lita biyu ta isa. Injin da ke cikin motar ya fi janaretanka iya sarrafa mai nesa. Ɗan ƙaramin nan mai wat 650 zuwa 900 ma ba zai iya ba sam tunda mafi ƙarancin abin da motar ke karɓa kilowat 1.4 ne. Mai lantarki zalla ne kawai zan ce ya ajiye wannan hanyar don ranar da ta ɓaci, shi ma da janareta mai ƙarfi mai tsayayyiyar wuta da at ɗinsa a haɗe.

In motar na jone kafin ka fita kunna esi tun tana soket, sanyin farko shi ya fi cin wuta, gara ya fito daga bango. Mai lantarki zalla kuma ya tsayar da cajin yau da kullum a kashi 80 sai ranar tafiya ya cika, sai dai in batir ɗinsa irin LFP ne kamar na yawancin motocin kamfanin BYD, shi yana son a riƙa cika shi lokaci-lokaci don lissafin kwamfutarsa ya daidaita.

Mataki na bakwai, dubawa da ajiya

Sayi 'yar na'urar OBD mai bulutut wacce ke karanta kwamfutar mota, tana shiga ƙarƙashin sitiyari, ka sauke manhajar Dr. Prius a waya, sau ɗaya a wata ka duba abu biyu, zafin batir da bambancin bolt tsakanin gidajen. In ka ga wani gida kullum shi ke faɗuwa ƙasa in ka taka totur kuma shi ke riga kowa hawa in ka taka birki, shi ne mai shirin tafiya, kuma tun kafin lambar P0A80 mai nuna babban batir ya lalace ta fito zaka lura layukan batir a dashbod suna cika da sauri suna zubewa da sauri. Iskar taya ma duba ta duk sati da safe, adadin na rubuce a jikin ƙofar direba, baƙin mai kuma 0W-20 aka rubuta wa ta 2010, mai kauri yana sa inji wahala a yawan tashi da mutuwar da yake yi.

Mai Prime da kullum wuta yake amfani da ita, kar ka cika tanki ka bar shi wata shida, fetur na tsufa, riƙa zuba kaɗan kana barin inji ya yi tafiya mai ɗan nisa ko sau biyu a wata. In kuma tafiya ta kama ka irin aikin Hajji ko Umara, wacce ake jonawa ka bar ta a wajen rabi ba cike ba ba fayau ba, haibirid zalla kuma da layi biyar ko shida, duka a inuwa, ka ba wani amintacce makulli ka nuna masa da hannunka yadda zai taka birki ya danna har READY ta kama, ya bar ta a P minti ashirin zuwa talatin duk sati a waje mai iska ba cikin rufaffen gareji ba, ya tabbata ya kashe ta gaba ɗaya kuma ya ɗauke makullin nesa da motar, don in yana kusa suna ta magana da juna ƙaramin batir na zubewa.